Motar da Na Hana Sallama

Har yau ina jin kunyar abin da na yi wa Malam Sani makaho, abokina tun muna yara a Daura. Ɗana ne ya aiko mini da mota mai aiki da lantarki, kyakkyawa, ba hayaƙi ba rugugi. Sai dai in tana tafiya a hankali takan yi wani ɗan kuka kamar na sauro. Na ce wannan bai dace da motar dattijo ba, na sa wani bakanike ya cire wayar da ke sa kukan. Ya ce, "Baba, don masu tafiya a ƙasa aka sa shi." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake tuƙi.

Ranar Juma'a na biyo lungunmu shiru, ina ta jin daɗi. Malam Sani kuwa da kunne yake tsallaka hanya, shekara da shekaru ko keke bai taɓa gogarsa ba. Ya tsaya, ya saurara, bai ji komai ba, ya sako ƙafa. Na taka burki, sandarsa ta karye a ƙarƙashin taya.

Na fito da sauri na nufe shi. Shi ko sai ya shafa gaban motar, ya ce, "Alhaji, wannan turarenka ne. Mota mai kyau, amma ba tarbiyya, ko sallama ba ta yi."

Washegari aka mayar da wayar. Amma har yanzu ko da ƙafa na doso majalisa, da ya ji takuna sai ya ce, "Alhaji, yi gyaran murya, akwai mutane a hanya."