Rigar Illo

Ko tsufa ya cinye mini rabin abin da na sani, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa rigar wani na tsaya gaban manyan gari a Birnin Ƙonni ba. Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shekaruna ba su kai talatin ba, ina cikin irin ƙuruciyar nan da mutum ke jin shi kaɗai Allah ya ba basira, sauran jama'a rakiya suka zo. Yara na ce mini Mushe, wato malam a bakin 'yan lakwal, iyayensu ma na ce mini Mushe, har na ɗauki abin da gaske.

A ƙarshen shekarun tamanin ɗin nan akwai wani ɗan gidan tarihi a garin, ɗaki biyu kacal, an jera tukwane da kwari da baka da kayan saƙa, ba mai shiga sai ƙadangaru. Ni kuwa na taɓa zuwa Yamai sau ɗaya (sau ɗaya tak, amma na yi shekara uku ina ba da labari), sai na dawo da shawara cewa a ƙara ɗaki na uku, na baƙi da matafiya. Ƙonni garin iyaka ne. Duk gidan da ka shiga, ko dai kakansu daga wani wuri ya zo, ko suna da ɗan da ya tafi ci-rani kurmi. Na ce a yi ɗakin da mutum zai shiga ya taɓa kaya da hannunsa, ya rataya gora, ya danna kaset ya ji muryar tsoffin matafiya, ya taka hanyar da suka bi.

Shawara ba ta gina ɗaki. Majalisar gunduma na da ɗan abin da ta ware a shekarar, kuma 'yan kasuwa na so a gyara musu rumfuna da shi. Bayan na sha zirga-zirga a buro, wato ofishin gunduma, kumandan da ke mulkin gundumar ya ce in shirya ɗan gwaji, shi da 'yan majalisa za su zo su gani da idonsu. In ya gamshe su, a ba da kuɗin. In bai gamshe su ba, kada in ƙara tayar da maganar. Ni kuma na riga na cika baki a gaban abokan aiki, saboda haka na ɗauki ɗakin nan tamkar raina.

Na zana taswira da farar ƙasa a daɓen wani zaure da aka ara mini: ga Ƙonni a bakin ƙofa, ga Sakkwato, ga Kano, ga Ikko, can ƙurya kuma Kumasi da Abijan. Na bi tasha da rediyo mai kaset ina ɗaukar hirar tsoffin direbobi. Na bi ƙauyuka ina aron kayan tafiya. A haka na isa Bazaga, aka nuna mini gidan wata tsohuwa, Inna Hawwa, wadda ɗanta na fari ya tafi Abijan shekara goma sha ɗaya ke nan, ba wasiƙa, ba saƙon baki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Mushe, kac ce direbobi da masu zuwa kurmi za su riƙa shiga ɗakin ga?"

Na ce ƙwarai, Inna.

"To, ɗauki akwatin yaron ga ka aje inda za su gani. Sunanshi na nan rubuce bisa. Wataƙila wani shi karanta, shi ce ya gan shi wuri kaza."

Akwatin ƙarfe ne kore, da kwaɗo a jiki, an rubuta Illo Bazaga da farin fenti. Ranar da zai tafi ya zuba kayansa na kirki a ciki, ya kulle, ya rataya makullin a wuya. Na ɗora akwatin a amalanken jaki ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ana gobe manya za su zo, da la'asar, na tsaya ina duban abin da na tara. Gora biyu, sanda, buta, tsohuwar tabarma, jakar fata wadda gara ta fara ci. Sai na ga abin ya yi mini talauci. Ga akwati kuma a tsakiyar ɗaki a kulle, a ɗakin da na yi alkawari komai za a taɓa shi. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, don na daɗe ina yi wa kaina uzuri cewa ban sani ba. Na sani. Ni ɗan Illela ne, a gidanmu ma an yi. Akwatin matafiyi ba a buɗe shi sai ɗayan biyu: ko mai shi ya dawo da makullinsa, ko labarin rasuwarsa ya tabbata a zauna rabon gado. Ban shawarci kowa ba, don na san abin da za a ce mini. Na samo guduma da ƙusa, bugu uku kwaɗon ya saki.

A ciki akwai shuɗiyar riga mai aiki a wuya, da hula, da wando, da ɗan madubi, duk suna warin kayan da suka daɗe a rufe. Na gwada rigar, ta zauna mini kamar telana ya ɗinka ta. Maimakon jikina ya yi sanyi, sai wata sabuwar dabara ta zo mini: gobe ni zan zama matafiyin.

Washegari ranar kasuwa ce. Da hantsi kumandan ya iso da 'yan majalisa wajen goma. Shi kumandan baƙo ne, daga can yamma aka turo shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Cikin 'yan majalisar akwai Alhaji Mamman mai motoci, dattijo wanda mahaifinsa ya zo daga Sakkwato da fatauci ya zauna, kuma kowa ya san in ya ɗaga kai sauran na bi. Na tarye su cikin rigar Illo da hular Illo, gora a kafaɗa, sanda a hannu. Na tsaya a kan Ƙonni na fara zuba Faransanci, ina takawa gari gari: ga ni na bar gida bayan girbi, ga ni a iyaka, ga ni ina dako a Ikko. Kumandan ya danna kaset, muryar wani tsohon direba ta cika ɗakin, ya yi murmushi ya sake dannawa. Alhaji Mamman dai akwatin yake kallo, ya kalle ni, ya sake kallon akwatin. Na ɗauka sha'awa ce.

Ina tsaye a ƙurya, a kan Abijan, sai ƙofa ta yi duhu. Inna Hawwa ce. Ta kawo wake kasuwa, ta ce bari ta biyo ta ga inda aka ajiye akwatin ɗanta. Ta fito daga hasken rana ta shigo zaure mai duhu, ga idanunta dama sun fara yana. Ta sauke ƙwaryarta a hankali. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Illo."

Wanda ba Bahaushe ba ba zai gane nauyin wannan ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko da muka yi hira a Bazaga yaron ga take cewa. Ranan ta faɗe shi a gaban maza goma, kuma ni ta kira da shi. Duk Bahaushen da ke ɗakin ya sunkuyar da kai.

Ta taka taswirata, daga Ƙonni zuwa Abijan taku biyar, ta kama hannun rigar.

"Ka zaka? Ba ka ko aiko ba?"

Ta ɗaga hannu ta shafa fuskata, yatsunta suka ci karo da tabarauna. Ta janye hannun. Ta juya ta ga akwati a buɗe, kwaɗo a karye a gefe. Ta daɗe tana dubansa.

"Mushe, kai na?"

"Ni ne, Inna."

"To wa yak kawo labarin? Ina yar rasu?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata. Na ce, "Ba wanda ya kawo labari, Inna. Ni na buɗe." Ta maimaita, "Kai kab buɗe," kamar mai son ta ji ko maganar na da wata ma'ana. Ba ta yi kuka da murya ba, hawaye ne kawai ke bin fuskarta, hannunta ɗaya na riƙe da rigar har yanzu.

Sai na ji tafi. Kumandan ne, bawan Allah. Bai ji abin da muka ce ba, ya ɗauka wasan kwaikwayo ne na shirya, tsohuwar ma cikin shirin take. Idonsa ya kawo ruwa, yana faɗi da Faransanci cewa irin wannan yake so, tarihi mai rai. Ba wanda ya taya shi tafin. Alhaji Mamman ya matso kusa da kunnena ya ce, "Mushe, tuɓe rigag ga." Na tuɓe a nan inda nake. Abin da ke ƙasa singileti ce mai huji biyu a ciki (albashin malami, kun sani), a cikinta na ƙarasa ganawa da manyan gunduma.

Bayan kwana uku majalisa ta zauna ta amince da kuɗin. Na samu abin da na yi wata shida ina nema, kuma ban taɓa jin baƙin ciki da samun abu kamar ranan ba. Alhaji Mamman ne ya tsayar da motarsa a ƙofar lakwal ya gaya mini. Ya ce ya bayyana wa kumandan gaskiyar abin, mutumin har ya kasa cin abinci. Sannan ya ce, "Na sa hannu, amma ba don kai ba. Don waɗanda ba su komo ba na sa."

Ranar Juma'a na sayi sabon kwaɗo, na ninke kayan, na mayar da akwatin Bazaga. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman na zaune, mata na rabon gumba. Addu'ar mamaci ake yi wa Illo. Shekara goma sha ɗaya dangi na roƙonta a yi, tana hana su, tana cewa akwatinsa na nan a kulle. Na shiga na durƙusa na miƙa mata makullin. Ba ta karɓa ba.

"Nashi makullin na wuyanshi, Mushe. Wanga naka na. Abin da yab buɗu ya buɗu."

A nan na tafka wautata ta ƙarshe. Don in rage wa kaina nauyi, na ce, "Inna, ki gafarce ni. Da kin faɗa mini kada in buɗe, wallahi da ban buɗe ba."

Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, da dai tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

"Kai da ka koya ma ɗiyan mutane karatu? Ban zaci sai an hwaɗa maka ba."

An gina ɗakin, ya yi shekaru ana shiga, 'yan makaranta sun sha rataya gora suna taka hanya. Illo bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba, ba na rai ba, ba na mutuwa ba. Abin da tsohuwar nan take da shi jira ne kawai, ni kuma na karɓe mata shi da guduma don in burge mutum goma. Tun daga ranan, in babba ya damƙa mini abu bai kafa mini sharaɗi ba, ba na ɗauka izini ya ba ni. Kyakkyawan zato ne ya yi mini cewa ina da hankali, sai in lallaɓa kada ya gano.