Rasuwar Manang Sion, Na'urar Neman Ƙarfe ta Noy Santo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya yi mata ƙari, iyalan Crisanto Bagaslao, wanda kowa a unguwar San Isidro ke kira Noy Santo, suna sanar da rasuwar na'urarsa ta neman ƙarfe, wadda ya raɗa wa suna Manang Sion, wato Yaya Sion. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma gishirin teku ba. Rodel Tampos ne ya kashe ta, dillalin nan mai yawo a babur da akwati a baya, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya ba tare da wata makaranta ta ba shi ba. Noy Santo kuwa shi ya riƙe masa ita. A san wannan tun da wuri, kada wani ya zo gaisuwa yana cewa kwana ne ya ƙare.

Marigayiyar ta shigo gidan nan 'yar gwanjo, daga hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, sandarta naɗe da robar taya. Ba ta da kyau, ba ta da fitilu masu ƙyalli. Amma duk shekarun da ta yi tana bin Noy Santo bakin teku da gonakin kwakwa, ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Murya biyu gare ta. In ta bi ta kan ƙusa ko tsohuwar waya, sai ta yi "gurrr", kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. In abin kirki ne, sai ta ce "tiiit", siririya, ta tsaya a kan maganarta. Ita ta gano makullin coci da ya ɓata ranar bikin waliyyin unguwa. Ita ta mayar wa malamar firamare ɗan kunnenta. Ta tono cokula da kwanson harsasai ba iyaka. Zinariyar sojojin Japan kuwa, wadda kakan kowa ya rantse ya ga ana binnewa lokacin yaƙi, ba ta taɓa cewa ta ji ta ba, domin ba ta faɗin abin da babu.

Wannan gaskiyar ce ta zama laifinta. Noy Santo ya gaji da cokula, mai gajiya da gaskiya kuwa maƙaryaci ba ya wahalar samunsa.

Rodel ya same shi a rumfar giyar kwakwa, cikin abokansa na tono. "Noy, kai da tsohuwar nan har yaushe? Ita fa sai ta taka abu take ji. Wannan kuwa daga nan yana jiyo zinariya a bayan dutsen can." Ya fito da sanduna biyu na tagulla masu lanƙwasa, haɗe da wani baƙin ƙoƙo. Ya cire ƙaton zobensa, ya binne a yashi da hannunsa, ya ja baya, ya tako a hankali. Yana zuwa wurin, sandunan suka juya suka haɗe. Manyan mutane masu jikoki suka yi tafi. Babu wanda ya tambayi yadda za a yi mutum ya kasa gano abin da shi ya binne.

Noy Santo ya ɗora Manang Sion a kan wurin don a ga ita ma tana iyawa. Ta ce, "Gurrr."

"Kun ji ko?" in ji Rodel. "Zinariya tsantsa take wa gurnani. Ta ruɗe, Noy. Kakata ma haka ta riƙa yi kafin ta tafi."

Aka bushe da dariya. Kunya ta kama Noy Santo, kunya kuwa ta fi kwaɗayi saurin buɗe aljihu. Ya saya.

Sai bayan ciniki aka faɗa masa sharaɗi: dole a sa zinariya ta gaske a cikin ƙoƙon, don sandunan su san ƙanshin abin da suke nema. Zinariya ɗaya ce a gidan, zoben auren marigayiya Nang Perla, matarsa, wanda ta bari a ɗaura wa 'yarsu Lorna aure da shi a wata mai kamawa.

"Tay," in ji Lorna ga mahaifinta, "kare ake ba wa abu ya shinshina. Sanda kuma ina hancinta?"

"Ke dai ki zuba ido, Inday 'yata. Ranar bikinki sai kin rasa yatsan sa zobe."

Jinyar Manang Sion ba ta yi tsawo ba. Rodel ya ce a matsayin kyauta zai ƙara mata ƙarfi, ya jona mata waya daga batirin babur ɗinsa, Noy Santo na riƙe da ita. Ta saki wata ƙara da ba a taɓa ji a bakinta ba, hayaƙi ya fito ta gefenta, ta yi shiru. "Barci take," in ji Rodel. "Gobe za ta tashi da ƙarfin mutum biyu." Ya san abin da ya yi. Mai sayar da ƙarya ba ya son shaida a gari.

Washegari Noy Santo ya bi sandunansa, su kuma suka bi inda hannunsa ya karkata, har cikin gonar shinkafar maƙwabciyarsu Nang Doring da aka sakar wa ruwa. Santsi ya kwashe shi, murfin ƙoƙon ya buɗe, zoben Nang Perla ya shige taɓo. Ya koma gida da gudu, ya ɗauki Manang Sion, ya sake mata batir, ya danna, ya girgiza. "Manang, sau ɗaya kawai," in ji shi. "Ki yi mini gurnanin ma." Ba ta amsa ba. Ya zaga gidajen abokansa neman aron na'ura, ya tarar duk sun ba Rodel nasu sun karɓi sanduna. Aikin da za ta gama kafin shinkafa ta nuna a tukunya, yau unguwa guda ta kasa shi.

Ta rasu ta bar abin saurare na kunne mai ɓangare ɗaya, da ƙaramin shebur, da bokitin cokula marasa iyaye, da Noy Santo, wanda tun ranar ba ya iya haɗa ido da 'yarsa.

Maganar Manang Sion ta ƙarshe ba ta faɗi ƙasa ba. Da aka kai ƙara gaban kyaftin, wato mai unguwa, Rodel ya zare zobensa ya ajiye a tebur, wai a yi auren da shi, ya ma fi na Nang Perla nauyi. Lorna ta fito da maganaɗisun da ta ciro daga ƙofar firij, ta kai kusa. Zoben ya yi tsalle ya manne. Baƙin ƙarfe ne da ruwan zinariya, kamar yadda Manang Sion ta faɗa a gaban kowa aka yi mata dariya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gindin kwakwar da ke bakin gonar Nang Doring, wadda ta yarda ta dakatar da ɓaunarta daga huɗa zuwa wani lokaci. Akwai kofi da biskit. Ba a buƙatar furanni. Mai zuwa ya zo da rariya da gajeren wando, domin daga kabari gona za a shiga neman zoben. Duk wanda ya zo da sandar tagulla, a bakin hanya zai tsaya.

Masu gaisuwa za su tarar da Rodel Tampos ya riga su shiga, bisa hukuncin kyaftin. An ba shi sandunansa ya yi aiki da su, ya jefar da su kan kunyar gona tun safiyar farko. Da hannu yake lalube, taɓo har kafaɗa, matsattsaku a ƙafa. Babur ɗinsa na ɗaure da sarƙa a ƙofar ofishin unguwa, kuma ba za a kwance shi ba sai zoben Nang Perla ya hau yatsan Lorna.