Allon da Na Shafe Sau Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe allon mahautan unguwarmu ba, duk da na so ƙwarai in manta.

Sana'ata rubutun allunan shaguna ce a Agege. Da mahautan suka gyara ofishinsu, shugabansu, wani dattijo aminin mahaifina, ya ba ni aikin allon. Kalmomi uku ne kacal: Ƙungiyar Mahauta, Agege.

Kwana biyu na gama, kuma ya yi kyau. Amma sai na ga kamar lanƙwasar Ƙ ta ɗan karkace, na shafe da farin fenti. Na biyu, jan fentin bai kwanta mini ba. Na uku na manta laifinsa (ina jin ma ba shi da laifi). Haka na yi ta yi mako uku, na hana kowa leƙawa.

Matata ta ce, "Baban Hanifa, bari in gani mana."

Na ce, "Sai ya kammalu."

Da safiyar bikin buɗe ofishin na shafe na shida, na sake sabo. Kowane harafi sai da na auna shi da rula, amma kalmar kanta ban karanta ba. Na lulluɓe da ƙyalle, na tari keke mai ƙafa uku.

An cika maƙil, har da baƙi daga Ketu. Aka yi addu'a, shugaba ya ja ƙyallen. Na tsaya ina jiran tafi.

Shiru.

Na ɗaga kai. Da jan fenti, rangaɗau, babu harafin da ya karkace: ƘUNGIYAR MAHAUKATA, AGEGE.

Wani Bayarabe cikin baƙin ya fara tafi shi kaɗai, na kusa da shi ya riƙe masa hannu ya raɗa masa fassara.

Dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Sannan ya juyo a hankali.

"Ɗana, shekara arba'in ina fawa. Yaushe aka sauya mana sana'a ba a sanar da ni ba?"

Sai dariya ta ɓarke.

Yanzu ko rabin allo na rubuta, ƙofar shago nake jingine shi, duk mai wucewa ya karanta, ya kushe. Gara a ga aikina da saura. Nama kuwa, don kunya, har can Abule Egba nake zuwa saye, nesa da mahautan unguwarmu.