Ranar da Na Kai Saƙon Waya da Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na kusa kayar da 'yata jarrabawa ba, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Hadiza, babbar 'yata, tana shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta. Garinmu can wajen Mai'adua yake, inda sabis ke zuwa in ya ga dama. Sai ta haɗa wata dabara: waya ta miƙa wa waya saƙo ba sai da sabis ba. Kowace waya ta san inda take, sai ta duba cikin maƙwabtanta wacce ta fi kusa da inda saƙon zai je, ta ba ta. Haka har ya isa.

Malaminta ya zo da kansa ya ga gwaji. An jera mutum biyar da wayoyi daga ƙofar gidanmu zuwa ɗan asibitin gari. Kawunta da zai tsaya a tsakiya ya wuce kasuwa, sai aka ɗauko ni.

Hadiza ta ce, "Inna, ki zauna gindin tsamiyar nan kawai. Kada ki motsa, saƙo zai bi ta wayarki."

Na ce to. (Zama kam na iya, na goyi 'ya'ya bakwai.)

Can wayar ta yi ƙara. Ni kuwa da na yi yaƙi da jahilci ba na ganin rubutu in ƙyale. Na bi shi a hankali: "Zuwa asibiti. Mace na naƙuda, a zo da sauri."

Sai na tuna: Talatu maƙwabciyarmu cikinta ya tsufa. Kuma mu yadda aka rene mu, in saƙo ya shigo hannunka amana ce, ba ka zama a kansa. Na ɗaure gyale a ƙugu, na bi ta lungun bayan masallaci don ya fi kusa, na faɗa asibiti ina haki. Ban saurari kowa ba, na jawo Malama Rabi ungozoma da jakarta.

Muka tarar da Talatu tana surfen gero.

"Lafiya, Yaya?" in ji ta, taɓarya a hannu.

"Ke za a tambaya. Ba naƙuda kike ba?"

"Ni? Sai dai in kin ji wani labari da ban ji ba."

Ashe saƙon gwaji ne, guda goma aka tsara. Na farko ya wuce lafiya. Da na tashi, sai tsakiya ta zama rami, sauran tara suka maƙale don babu wayar da za a miƙa wa. Na dawo zaurenmu na ga Hadiza idonta ya cika da hawaye, malaminta kuma yana kallona, ga ungozoma a bayana. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na hau gaishe shi a karo na biyu.

Ya ce, "Hajiya, kin riga ni. Tambayar da zan yi mata ke nan: in mai waya ya tashi fa? Mutane ai ba turaku ba ne."

Bai ba ta maki ranar ba. Ya ba ta mako uku ta koya wa wayoyin neman wata hanya in ɗaya ta ɓace. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa.

A gwaji na biyu aka ƙara wayoyi, aka ba ni aiki na musamman: in tashi in tafi duk inda na so. Ta ci, har da yabo.

Yanzu in rubutu ya biyo ta hannuna ina karantawa dai, amma sai na tambayi mai shi kafin in ɗauko ungozoma.