Ranar da Aka Tuge Kututturen Barmo

A Dajin Marke akwai wani fili a bakin tafki inda doka ta hana farauta. Nan kowa ke zuwa shan iska, masu ƙaho da masu farce, ana gaisawa daga nesa. A tsakiyar filin akwai kututturen kirya mai ɗauke da shatin farata huɗu. Barmo, kakan damisoshi, shi ya karce shi ranar da ya gama da garken bareyin gabas.

Duk shekara damisoshi kan taru a wurin, su sabunta shatin, su goga jikinsu, su yi wa Barmo kirari. Bareyi ma suna da tasu al'adar, sai dai ba a yi mata kiɗa. Duk barewar da ta haihu takan kawo ɗanta, ta cusa hancinsa cikin shatin, ta ce, "Inda duk ka ga wannan, ko ka ji wannan warin, kada ka tsaya tambaya."

Wata shekara samarin daji suka kai ƙara majalisa. Toron Giwa ne shugaba, kuma da yake bai taɓa jin tsoron kowa ba, a ganinsa tsoro rashin tarbiyya ne.

Zomo Ƙosau, kakakin samari, ya miƙe. "Ranka ya daɗe, filin na kowa ne. Yaya za a ce mu zo hutawa a gaban abin da ake yi wa kisan kakanninmu biki da shi? A tuge shi!"

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san gaskiya ce. Aka juya ana duban damisoshi, ana jiran gurnani. Sai Galadima Ɗanbarmo, jikan mai shatin, ya tashi a natse, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ja zamanin shugaba. Yaron nan ya riga mu faɗin abin da ya daɗe yana damunmu. Kunya muke ji. A tuge shi yau, kada a kai gobe."

Majalisa ta kaure da sowa. Wata tsohuwar barewa ce kaɗai, Tabawa, ba ta yi sowa ba. 'Yarta na da tsohon ciki, kuma ta daɗe a duniya ta san ruwa ba ya tsami banza. Shekara nawa Galadiman nan yana jagorantar kirari, yau da safe kunya ta same shi?

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya," in ji ta. "In an tuge, ina za a kai shi?"

"Gidan tarihi, Iya," in ji Galadima da fara'a. "Mun share masa wuri a cikin kogonmu. Ƙofa a buɗe take ga kowa, kyauta."

"To, a hana bikin, a bar mana itacen. Ko a tuge a kwantar da shi a unguwarmu. Ni ma ba na ƙaunar ganinsa, amma a jikinsa 'ya'yanmu ke koyon gudu."

"Haba Iya!" in ji Ƙosau. "Ku ne ke shayar da yara ƙiyayya tun suna tsumma."

Galadima ya girgiza kai cikin tausayi. "A yi mata uzuri. Tsufa ne. Sai dai ina roƙon majalisa, tunda za a cire itacen, a cire maganarsa ma. Zancen farce da wari shi ke raba kawunanmu."

Toron Giwa ya ji daɗin wannan magana, don ba ta buƙatar ya yi komai. Aka zartar: duk wanda ya yi wa yaro zancen farce, an kore shi daga tafki. Aka sa ɓauna ta tuge kututturen, damisoshi suka ɗauke shi da kansu, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da amarya. A gurbinsa aka dasa furanni, aka sa wa wurin suna Filin Zumunci. Ya yi kyau ƙwarai, ba a musu.

'Yar Tabawa ta haifi mace, aka sa mata Ladingo. A ɓoye tsohuwar ta zana mata layi huɗu a ƙasa da kofato, yarinyar ta yi dariya ta tattake. Wari kuwa ba ya zanuwa. Gidan tarihi yana nan a buɗe. Wasu sun je, kuma majalisa ta ce rashin dawowarsu alama ce ta sun ji daɗin wurin. Ƙosau ma ya je.

Wata rana da yamma Ladingo ta shigo da tsalle. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ƙafar tana nan, ba ta dai san abin da za ta guje wa ba.

"Kaka, kin ga adon da aka yi wa bishiyar bayan makwancinmu? Layi huɗu, sabo fil, har da wani ƙamshi!"

Tabawa ta dubi maƙwabta. Kowa ya kawar da kai, don kowa na son ruwan tafki.

"Wa ya nuna miki?" ta tambaya a hankali.

"Mai zanen da kansa. Yana da kirki, Kaka. Ya ce gobe in zo da ƙawayena."