Rasuwar Delu, Motar Suma'ila, Wadda Ruwa Ya Ci a Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya cinye fiye da rabinsa, Malam Suma'ila direba na unguwar Birni yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayar da shi a hanya da buhu a ka, rasuwar motarsa bashe mai buɗaɗɗen baya, wadda kowa ya sani da suna Delu. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a hanyar Gidimuni, kaɗan bayan an wuce Mirya, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙugu.

An raɗa mata Delu ne saboda ita ce mace ta farko da ta shigo gidan bayan babura uku, duk maza, duk marasa albarka. Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai zumunci, ba ta ƙyamar kowa. Ta ɗauko gyaɗa daga Zermu, ta ɗauko gero daga ƙauyukan Damagaram Takaya, ta ɗauki awaki da kwanon rufi da gadon amarya, ta taɓa kai mai naƙuda asibiti da taya guda a sace ba ta yi ƙorafi ba. Lungunan Birni masu yashi, inda manyan motoci ke kafewa suna ba masu su kunya, ita takan ratsa su tana karkata kamar tsohuwa mai zuwa barka. Da safe in an murza makulli sai ta ce “kyar-kyar-kyar”, ta yi shiru tana nazari, sannan ta ce “burum”, unguwa duka ta san gari ya waye. Duk tuwon da aka ci a gidan Suma'ila tun zuwanta, a bayanta ya iso.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta hannun manya. Alhaji Nomau, mahaifin Ramlatu matar Suma'ila, tsohon ɗan kasuwar fata ne da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ya je Gidimuni ta'aziyya, aka ba shi soyayyen kifin tafki, ya dawo da niyyar shiga harkar su, wato kamun kifi. Ya sa wani kafinta ya ƙera masa jirgin katako, aka liƙe shi da kwalta, aka ɗora a kan rimok, wato tirela mai taya biyu da mota ke ja, aka ajiye a ƙofar gidan Suma'ila. Alhaji bai roƙi a kai masa shi tafki ba, manya ba sa roƙo. Cewa kawai ya yi ya ji ana yabon ƙarfin Delu, Suma'ila kuwa ya durƙusa ya ce to.

Ranar da kafinta ya miƙa jirgin, ya ja kunnen Alhaji kada a bar katakon ya bushe a rana kafin ya kai ruwa, don zai tsattsage. Abin da bawan Allah ke nufi, a yayyafa masa ruwa a rufe. Abin da Alhaji ya ji shi ne a ɗura. Ya kira 'yan ga-ruwa, a garin da mata ke bin layin pampo da bido, wato jarka, tun kafin rana ta fito, suka yi ta juyewa cikin jirgi. Sannan ya lulluɓe shi da tamfol, ya ƙulle igiya da hannunsa, ƙulli irin na masu ɗaurin fata. Kuma da yake rimok ɗin ya rinjaya gaba, duk ruwan ya taru daidai inda za a rataya shi a wutsiyar Delu.

Ana ratayawa ta ce “ƙiiii”, ta zauna. Bayanta ya kusa taɓa ƙasa, hancinta ya ɗaga, fitilunta suka koma kallon sama kamar mai duban wata. Sitiyari ya yi sako-sako a hannun Suma'ila, tayoyin gaba da kyar suke gaisawa da ƙasa. Hankalinsa ya tashi matuƙa. Aka ɗaga rimok da kirik, wato jak ɗin ɗaga mota, aka tokare shi da turmin Ramlatu, ya garzaya da mara lafiya garejin Mai Nasara makanike. Da isarta kuwa sai ta miƙe garau, irin ta majinyacin da ke warkewa a ƙofar likita. Mai Nasara ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce lam ne suka gaji, wato ƙarafan nan da aka jera masu ɗauke da ƙugunta, ya ƙara mata ɗaya a kowane gefe.

Aka dawo, aka rataya, ta ɗan ɗaga. Alhaji ya ga haka ya ji daɗi, ya ce ashe da sauran ƙarfinta, washegari ya sa aka ƙara ruwa tunda katako ya sha na jiya. Aka sake ratayawa, ta sake zama. Haka aka yi ta yi. Suma'ila ya ƙara lam, Alhaji ya ƙara ruwa. Suma'ila ya cusa robar tsohuwar taya tsakanin lam da shasi, wato ƙashin bayan motar, ya cika tayoyin baya da iska har suna ƙyalli, ya sayar da ragon da yake kiwo ya sayo sababbin kusoshi da wasu ƙarafan, Alhaji ya ƙara ruwa. Da 'yan ga-ruwa suka yi wuyar samu sai aka koma kan tanon gidan, wato duron ajiyar ruwa, wanda Ramlatu ke tattali kamar mai. Ta rasa bakin da za ta hana ubanta, ta rasa fuskar da za ta faɗa wa mijinta, sai kawai miya ta yi kauri, wanki ya taru.

Masu cewa ai da an sani, a sanar da su cewa Suma'ila ba kurma ba ne. Ya ji jirgin yana cewa cakal-cakal duk lokacin da aka taɓa shi. Ya ga sawun 'yan ga-ruwa a yashi. Ya tsaya a gefen tamfol ɗin nan ya fi a ƙirga, hannunsa na ƙaiƙayi. Amma ƙullin na surukinsa ne, kuma a tarbiyyar da aka yi masa, wanda ya ba ka 'ya ba ka kwance abin da ya ɗaure, balle ka tambaye shi me ya zuba a ciki. Sai ya zaɓi ya yi ta ƙara ƙarfe, yana fatan Delu za ta rufa masa asiri kamar yadda ta saba. Wannan ne ke cin ransa har yanzu, ya fi mutuwar kanta zafi.

Ranar tafiya Alhaji ya shiga gaba da babbar riga da carbi. Marigayiya ta fita Birni tana jan ƙugu, tana cewa “ƙi-ƙi, ƙi-ƙi” a kowane tudu. Ta wuce Mirya mutane na nuna ta da baki. Can gaba kaɗan ta tarar da rami, Suma'ila ya taka birki, birki ya ce ba da shi ba. Ta faɗa, ta ce “ɗas”, wadda ita ce kalmarta ta ƙarshe. Lam suka kakkarye, shasi ya lanƙwashe ya tsage, rimok ya soki ƙasa da hanci. Ruwan jirgi ya taso gaba ɗaya, ya yaga tamfol, ya cika bayan mota, ya fasa gilashin baya, ya yi wa suruki da suruki wanka a zaune. Alhaji ya fito yana matse hula, ya zagaya jirginsa yana shafawa.

“Malam Suma'ila, duba mini da idonka na yara. Katakon bai tsage ba ko?”

“Bai tsage ba, Baba.”

Marigayiya ta rasu ta bar mijin wahalarta Suma'ila, da Ramlatu da yara, da tayar safaya guda wadda ta girme ta, da kirik, da igiya, da manoman Zermu da gyaɗarsu ke gab da isa cira ba su san wa zai kwaso ba. Ta kuma bar jirgin, yana nan lafiya ƙalau. Da ruwan ya zube, wani mai amalanke ya ja shi har bakin tafki da sa guda, san ma ba babba ba. Alhaji, cikin karamcinsa, ya yi wa Suma'ila tayin aikin tuƙa shi tunda yanzu ba shi da sana'a. Suma'ila bai iya iyo ba, amma ya durƙusa ya ce to.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma a daina tambayarsa. Don haka za a janyo gawa ranar Laraba bayan azahar a miƙa ta ga maƙera, waɗanda suka yi alkawarin mayar da lam ɗinta hauya da gatari, ta koma gonakin da ta yi wa hidima. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidan Suma'ila da ke Birni, daidai inda rimok ya bar sawu. Alhaji Nomau, a matsayinsa na babba a dangi, shi zai zauna a kan tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa, ana roƙon jama'a su yi masa ita da fuska a daidaice. Ba a buƙatar shawara kan lam, an sha ta isa. Masu zuwa kuma su taho da ruwan shansu da na alwala, don na gidan yana kwance a yashin hanyar Gidimuni.