Ranar da Na Zama Murfin Kogo

Ba zan taɓa mantawa da sanyin dutsen nan a ƙirjina ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Ni ɗan kasuwa ne, mutumin Maraɗi, ina sayar da shadda da atamfa a Saint-Denis, gefen Paris. Shekaruna sun haura hamsin, tumbina kuma shi ke riga ni shiga kowane ɗaki. Mutum irina ba shi da abin nema a ƙarƙashin ƙasa kafin ranar da za a kai shi a kafaɗa.

Ɗiyata Rakiya ce sanadi. Tana karatun ilimin duwatsu a jami'a a Lyon, can ta shiga wani kulob na masu kutsawa cikin kogo, su auna tsawonsa da zurfinsa, su zana taswirarsa. Uwarta, Hajiya, ta ga hotonta a waya, fuska duk laka, tana lilo a jikin igiya bisa bakin rami. Daga ranar abinci ya daina wuce mata.

"Alhaji, ka je ka raba ta da wannan abin," ta ce da ni. "Karatu muka tura ta, ba aikin gafiya ba."

Na hau jirgin ƙasa na tafi Lyon da faɗana a baki. Rakiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Papa, jibi za mu je wani kogo. Ka zo ka gani da idonka. In ka fito ka ce in bari, na bari."

Da na ce a'a da shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ni za a nuna wa rami? A ƙauyenmu ni ake zurawa rijiya." (Sau ɗaya aka taɓa zura ni, ina yaro, in ɗauko guga. Da kuka aka fiddo ni, gugan yana can har yau.)

Mu huɗu muka tafi a mota, cikin duwatsun da ke bayan Lyon: ni, da Rakiya, da wani ƙato mai gemu, Loran, da shugabar tafiyar, Madam Odil. Tsohuwa ce siririya, ta girme ni, ba ta da yawan magana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta fi daɗewa a tsakiya, ta miƙo mini hular kwano mai fitila da wata doguwar rigar aiki mai haɗe da wando. Da ƙyar zip ɗin ya rufu, don na saka rigunan sanyi biyu a ciki, ban gaya wa kowa ba.

Da farko abin bai yi muni ba. Hanya mai faɗi, ruwa yana gudana iya idon sawu, rufi yana ɗiga. Aka ba ni aiki: in riƙe wani ɗan allo a jikin dutse, Rakiya ta haska shi da na'urar awo mai jan haske, ta faɗi tsawo da karkata, Madam Odil ta rubuta. Na ga yadda tsohuwar nan ke sauraron ɗiyata in ta yi magana. Na ji daɗi a raina, amma na ɗaure fuska, don faɗa ya kawo ni.

Can cikin kogon rufi ya yi ta saukowa, har muka koma rarrafe, muka tsaya gaban wata kafa a ƙasan bango. Tamkar bakin tanda take, ta gangara ciki, ruwa yana binta. Bayanta akwai sabon ɗaki da ba a taɓa aunawa ba, shi ne ma dalilin tafiyar. Madam Odil ta aiki Loran ya koma baya ya ɗauko jakar igiya, sannan ta juyo gare ni.

"Kai ka zauna nan. Kar ka biyo mu. Kafar ba taka ba ce."

Ita da Rakiya suka kwanta, suka sulale ciki ɗaya bayan ɗaya kamar ƙadangaru. Haskensu ya ɓace, muryarsu ta ɓace.

Na so in ce jarumta ce ta tashe ni daga wurin, amma tsoro ne. Ban taɓa sanin akwai shiru irin wannan ba. Ina jin bugun zuciyata, ina jin ɗigar ruwa kamar takun mutum a bayana. Fitilata ta ɗan yi ƙyafta, na tuna kabari, na tuna ban yi wa kowa wasiyya ba. Sai na ce gara in je inda mutane suke. Na yi bisimilla, na kwanta, na tura kai.

Kafaɗu sun wuce. Ƙirji ya wuce da ƙyar. Da aka zo kan tumbi, magana ta ƙare.

Na yunƙura gaba, babu. Na yunƙura baya, rigar ta tattare a ƙuguna ta ƙara cika wurin. Hannu ɗaya yana gaba, ɗaya ya maƙale ƙarƙashina, kaina yana ƙasa, ƙafafuna suna sama. Duk numfashin da na ja, sai dutse ya matse ni ta sama da ta ƙasa. Nan na kurma ihu. Ba salati na fara yi ba, jama'a. "Wayyo Inna!" na ce, ina kiran tsohuwata da ta daɗe da rasuwa.

Haske ya dawo, fuskar Rakiya ta bayyana dab da tawa. Ta dube ni, ta dubi gefen kafar, na ga idonta ya sauya. Madam Odil ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, ta manta ina ji. Ruwa ya ƙaru, in ji ta, da alama ana sheƙa ruwan sama a waje. Ɗakin da suke ciki ba shi da wata mafita, kuma a ƙasa yake, can ruwan ke taruwa. Ƙofa ɗaya ce, ni kuma na toshe ta.

Wato na zo ceton ɗiyata daga kogo, na rufe ta a ciki da jikina.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Loran ya dawo ya kama ƙafafuna yana ja, ina jin kamar za a raba ni biyu. Madam Odil ta kwanta cikin ruwan ƙanƙarar nan, ta dafa kafaɗuna tana turawa sama. Ruwa yana tsiyaya ta gefen wuyana, yana shiga hancina. Leɓunan tsohuwar suka koma shuɗi, ba ta daina ba. Ni kuwa kuka nake, kuka sosai mai majina, ina cewa ku yafe mini, ku gaya wa Hajiya ta yafe mini.

Sannan abin da ya fi komai ya faru. Tsoro da sanyi suka haɗu, mara ta saki. Ku tuna kaina ne a ƙasa. Abin ya bi ta cikin riga, ya biyo ƙirji, ya fito ta wuya, ya gangara kan hannuwan mutum biyun da ke ƙoƙarin cetona. A cikin sanyin nan har tururi yake.

Madam Odil ta ce, haƙoranta suna haɗuwa, "Wannan dai da ɗumi."

Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta bar Faransanci, ta koma Hausar da nake cewa ba ta iya ba.

"Baba, ka dube ni. Ka daina kuka. Ruwa ya kai mini ƙugu. In na ce yanzu, ka fitar da iskar cikinka duka, kar ka ja wata. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Loran ya zura hannu da wuƙa ya tsarge rigar daga baya iya inda ya kai. Rakiya ta ce, "Yanzu!" Na fitar da numfashi har na ga duhu, suka tura, ya ja, na fita fit kamar an zare toshiyar kwalba. Riga da wando da fatar cikina suka zauna a kafar. Abin da fitilar Loran ta fara haskawa, ba zan rubuta shi ba. Da ɗan kamfai da takalmin roba da hular kwano na fito daga kogon nan, ɗiyata tana bayana, tana tallafe da tsohuwar da ta kasa tsayuwa.

Madam Odil ta kwanta asibiti a Lyon, sanyi ya shiga huhunta. Awon da suka je yi ya tashi a banza, don ruwa ya cika ɗakin, sai wata shekara. Na je duba ta da ledar lemu, na ajiye mata a bakin gado. Ta buɗe ido ta ce, "Ɗiyarka ba ta ruɗe ba ko kaɗan. Ban san inda ta gado ba."

A tashar jirgi Rakiya ta riƙe mini jaka, ba ta ɗaga ido ba, ni ma ban ɗaga ba. Ba ta tambaye ni hukuncin da na yanke ba. Da na iso Saint-Denis, Hajiya ta tare ni tun daga ƙofa.

"To, Alhaji, ka raba ta da ramin?"

Na ce, "Ki bar yarinyar nan. Haɗarin da na gani a kogon guda ɗaya ne, kuma na dawo da shi gida."

Abin da na koya ba shi da yawa. In wanda ya san wuri ya ce maka zauna nan, ka zauna, ko da aljanu na yi maka tafi a baya. Kuma kafin mutum ya tafi taya wasu awon cikin ƙasa, ya fara sa magwaji ya auna nasa.